Tsutsar ciki a tantabaru: shawarwarin masu kiwo

Da aka tattauna yadda ake gane tsutsar ciki a tantabaru da maganinta, yawancin masu kiwon da suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa rama ce alamar farko: tantabara tana ci amma ƙashin ƙirjinta ya fito kamar wuƙa, kashinta ruwa-ruwa, wani lokaci har da farar tsutsa a ciki.

Wasu na daka tafarnuwa su zuba a ruwan sha, wasu kuma niƙaƙƙun 'ya'yan gwanda ko na kabewa suke haɗawa da hatsi. Masu yin haka na ganin waɗannan na rage tsutsa, amma idan ta yi yawa sai maganin likitan dabbobi, irin su piperazine, a maimaita bayan mako 2 zuwa 3.

An fi jaddada share kashi da busar da ɗaki, domin ƙwan tsutsar a danshi yake nuna.