Muhawara: Idan An Zana Sindarela Baƙa, Ta Zama Tamu Ke Nan?

Baban Safiyya, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina da magana da nake so a tattauna. A ganina, katun ɗin da ake ɗauko tsofaffin tatsuniyoyin Turawa a sake zana su da baƙaƙen yara ko Sinawa ba su ƙara wa 'ya'yanmu komai ba, hasali ma sun fi na asalin haɗari. Abin da ya tayar da zancen shi ne wani shiri da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 1995 zuwa 2000, mai suna Happily Ever After: Fairy Tales for Every Child, wanda yarana suka samu guntayensa a waya. A cikinsa an mayar da yarinyar nan da ta haɗu da kyarkeci a hanyar gidan kakarta 'yar ƙasar Sin, an kuma kai sarkin da maƙaryatan masaƙa suka sa ya fita tsirara ƙasar Japan. Idan yaro ya ga Sindarela Baturiya mai gashi ruwan zinariya, ya san baƙuwa ce, daga nesa yake kallon ta. Amma idan aka zana ta da kamannin yayarsa, sai ya ɗauka abin da take yi namu ne, wato budurwa ta saci jiki ta tafi gidan rawa, ta kai tsakar dare a hannun namijin da ba ta taɓa gani ba, kuma a ƙarshe a saka mata da gidan sarauta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Malamar Firamare, Mabera:
Wa alaikumus salam, Baban Safiyya. Na fahimci tsoronka, sai dai ka raina abin da launin fata yake yi a zuciyar yaro, mu kuwa da muke tsaye gaban allo muna ganin sa. Duk lokacin da na ce 'yan ajina su zana gimbiya, sai ka ga hannuwa sun yi rububin fensir mai ruwan hoda da mai ruwan ɗorawa, na ruwan ƙasa kuma yana nan a kwali da tsininsa, ba wanda ya taɓa shi sai in za a zana itace. Waɗannan yara ba su taɓa fita Sakkwato ba, to a ina suka koyi cewa gimbiya fara ce mai gashi har gadon baya? A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa baƙaƙen yara 'yartsana fara da baƙa, aka tarar da yawansu sun zaɓi farar a matsayin mai kyau, har kotun ƙolin ƙasar ta ambaci irin wannan bincike a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantu saboda launi. Irin yaran da aka yi wa wancan shiri na HBO ke nan. Mu ma da muke kuka da man bilicin a ɗakunan 'yan matanmu bai kamata mu ce zanen fata wasa ne ba.

Tsohon Malamin Hausa, Kanwuri:
Ɗana Baban Safiyya, akwai wani tubali a ƙasan maganarka da nake so mu duba, wato cewa tatsuniyar Sindarela ta Turawa ce tun asali. Labarin marainiyar da ake wahalarwa, wadda takalminta ya ɓata har mai mulki ya neme ta da shi, an rubuta shi a ƙasar Sin tun ƙarni na 9, inda yarinyar take da kifi mai taimakon ta da takalmin zinariya. Kafin nan ma Strabo, marubucin Girka, ya kawo labarin wata yarinya da gaggafa ta sure takalminta ta jefa a cinyar sarkin Masar. Takalmin gilashi da kabewar da ta zama keken doki sai a littafin Charles Perrault na Faransa a 1697 suka fito. 'Yan uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, da suka buga nasu a 1812, ba su da kabewa ko kaɗan, itaciya ce a kan kabarin uwar da tsuntsaye suke biya wa yarinyar bukata. Kamfanin Disney ya bi na Perrault a katun ɗinsa na 1950, shi ne ya cika duniya har muka zaci babu wani.

Sannan mu Hausawa ba mu da bakin zargin mai sake wa labari gida. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, aka buga daga 1937 zuwa 1939, da yawa daga labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya da littafin Grimm da tatsuniyoyin Indiya aka ɗauko su, har shi kansa akun mai ba da labari yana da dangi a adabin Indiya. Mun karanta shi a makaranta, mun koyar da shi, kuma ban taɓa jin ɗalibin da ya ɗaga hannu ya ce wannan labari ba namu ba ne.

Baban Safiyya, Runjin Sambo:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ina ganin misalin Imam ni ya taimaka wa. Imam bai tsaya ga sauya wa mutanen labari suna da tufafi ba. Ya rushe labarin ya sake gina shi a kan fada da waziri da alƙali da kasuwa, ya sa mutane suna gaisuwa yadda muke gaisuwa, suna jin kunyar abin da muke jin kunya, ya zubar da abin da bai dace da mu ba. Kuma shi ɗan gida ne da ya san inda zai taɓa. Masu katun ɗin da nake magana a kai sun bar ginshiƙin labarin yadda yake, kyau shi ne jarin yarinya, ɗan sarki shi ne mafita, sai dai kawai a sauya fenti da kiɗa. Malama, na yarda da batun fensirinki, amma idan 'yar ajinki ta zana gimbiya baƙa tana jiran ɗan sarki ya zo da takalmi, me muka ci?

Mai Zane, Arkilla:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki ta fuskar sana'a, domin zanen katun nake koyo. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, a zanen hannu kuma yawanci ana yin zane 12 a nuna kowanne sau biyu, ke nan katun na minti 10 yana cin zane kusan 7,200, ban da bango da murya da kiɗa. Sauya launin fata a kwamfuta aikin 'yan mintuna ne, shi ya sa ya fi komai araha, kuma a nan Yaya Baban Safiyya yana da gaskiya cewa wasu a nan suke tsayawa. Ko Disney da ta fito da baƙar gimbiyarta ta farko, Tiana, a 2009, yarinyar ta shafe mafi yawan fim ɗin ne a siffar kwaɗo, abin da ya sa mutane da yawa suka yi ƙorafi.

Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa duka haka suke. Ita Tiana ma'aikaciyar gidan abinci ce a birnin New Orleans mai tara kuɗi don ta buɗe nata, wannan kuwa sauyi ne a cikin labari, domin babu shi a tatsuniyar ɗan sarkin da ya zama kwaɗo. Mai zane na gaskiya idan ya ce zai kawo labari Sakkwato, dole ya san yadda ake ɗaura zane, yadda zaure yake, inda randa take zama a tsakar gida, da yadda yarinya take durƙusawa ta miƙa wa babba ruwa. Da zarar ka zana ta a durƙushe, ba za ka iya kai ta gidan rawa a fage na gaba ba, labarin da kansa zai tilasta maka ka nemi wata hanya. A Abuja Adamu Waziri ya yi katun ɗin Bino and Fino da yara 'yan Najeriya, saboda haka ba abu ne da ya gagare mu ba, kuɗi da wuta da haƙuri ne suke ƙaranci.

Gwaggo, Gidan Igwai:
Jikata ce take karanto mini abin da kuke rubutawa, ita ce kuma take rubuta nawa. Ni mamaki nake yi yadda kuke ta jan wannan Sindarela kamar ba mu da marainiya a gida. Yadda aka ba mu tatsuniyar Ruwan Bagaja da dare bayan an ci tuwo, 'yar bora ce aka tura ta wanko ƙirgi a ruwa mai nisa. Tana tafe tana waƙa, tana tarar da kogunan abinci iri-iri suna cewa ta tsaya ta ci, tana godiya tana wucewa, har ta isa bukkar da ta sami cinya da kare, ta yi sallama, ta yi musu ladabi ba ta yi dariya ba, ta bi abin da aka ce mata, ta dawo gida da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da kwaɗayi da rashin kunya, ta dawo da kutare da makafi. Ba wanda ya auna ƙafar kowa, hali aka auna. Ɗana Mai Zane, wannan ba ta isa zane dubu bakwai ɗin naka ba?

Malamar Firamare, Mabera:
Gwaggo, Allah ya ja kwana, ta isa har ta yi yawa. Amma da izininki zan faɗi abin da ba a son ji. A ajina akwai 'ya'yan mowa da 'ya'yan bora a benci ɗaya, akwai kuma yarinyar da mahaifinta makaho ne. Idan aka zana tatsuniyar yadda take, aka nuna makafi da kutare a matsayin sakamakon mugun hali, da wane ido wannan yarinya za ta kalla? Dole mai zane ya gyara wani abu, kuma da ya gyara ya shiga sahun waɗanda Baban Safiyya yake zargi. Su kansu 'yan uwan Grimm haka suka yi. A bugun 1812 uwar da ta haifi yarinyar nan mai zama da wadanni bakwai ce take neman ranta, sai a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, domin littafin ya shiga hannun yara. Tambayar da ta rage ita ce wa yake gyaran, kuma yaran wa yake kallo sa'ad da yake yi.

Tsohon Malamin Hausa, Kanwuri:
Kayan aiki dai ba su yi ƙaranci ba. Littafin tatsuniyoyi mai juzu'i uku da Baturen mulkin mallaka Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913, da yawan abin da ke cikinsa malaman wannan yanki ne suka rubuta shi da ajami. Gizo da Ƙoƙi da Dodo suna nan a ciki, ba wanda zai nemi kuɗin haƙƙin mallaka a hannun jikokin masu su.

Baban Safiyya, Runjin Sambo:
Ina nan a kan bakana game da waɗanda suka sauya fenti kawai, kuma a gidana sai na zauna na kalla kafin yara su kalla. Amma Mai Zane, ka ƙididdige mana abin da minti 5 na Ruwan Bagaja zai ci, da muryoyin yaranmu da Hausarmu ta nan, mu ga ko iyayen da ke wannan zaure za su iya haɗawa.

Gwaggo, Gidan Igwai:
In za a yi, ya zo gida bayan isha'i ya ɗauki waƙar daga bakina, domin da rana ba na yin tatsuniya. Batun kutare da makafi kuma na ji abin da Malama ta ce, amma kada a cire su sai an zo mun zauna an faɗa mini abin da 'yar mowa za ta dawo da shi a madadinsu.