"At-large bid": alfarma ce, cancanta ce, ko me za mu kira ta da Hausa?

Assalamu alaikum masana Hausa da 'yan ƙwallon kwando. Zaren nan zai ɗan ja, kowa ya gyara zama.

Abin kunya ne ya jawo shi. Kwanaki ina fassara wani labarin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, na ci karo da "conference tournament", ban yi wata-wata ba na rubuta "gasar taro". Ko awa ɗaya ba a yi ba ɗan yayata ya rubuta a ƙasa: "Kawu, taron suna ne ko na biki?" Na yi maza na goge, ashe an riga an ɗauki hotonsa. Shi ya sa shekaranjiya na jefa tambaya a nan kan yadda za mu kira wannan da sauran kalmomin gasar, irin su "at-large bid", da Hausa, kuma Alhamdulillahi an yi ruwan amsoshi. Ga inda muka kwana.

Bari in fara da shimfiɗa saboda wanda bai san tsarin ba. Hukumar NCAA ce ke shirya gasar ƙasa ta jami'o'i duk watan Maris. A babban ajin maza jami'o'i sun haura 350, amma 68 kacal suka shiga gasar 2025, kuma sili-ɗaya-ƙwale ce, aka doke ka sau ɗaya sai ka tattara komatsanka. Ƙofa biyu ake shiga. Ƙungiya 31 sun shiga ne saboda kowacce ta ci gasar "conference" ɗinta, wato gasar jami'o'in da suka saba wasa da juna duk kaka. Sauran 37 wani kwamiti mai mutum 12 ne ya zauna ya zaɓo su. Ƙofar farko ita ce "automatic bid", ta biyu "at-large bid".

Wani ya ce me ya haɗa mu da wasan 'yan makarantar wata ƙasa. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya je ya kai Toronto Raptors ga kofin NBA a 2019, a wata ƙaramar kwaleji ya yi wasa, Bismarck State da ke Dakota ta Arewa. Yaranmu suna can har yanzu, iyayensu kuma da Hausa suke tambayar yadda aka kwana.

Mu fara da "conference", tunda ita ta kayar da ni. Mutane da yawa sun ce "rukuni". Ban karɓa ba, don rukuni yana da mai shi. Kunnen Bahaushe ya ji rukuni sai ya tuna rukunin A da B na gasar kofin Afirka, wanda ake haɗawa da ƙuri'a, bayan mako biyu ya watse. Ita kuwa wannan zama ne na shekara da shekaru. Wasu suka ce "shiyya". Da can da ta yi, amma tun 2024 Stanford da California, da suke ɓangaren tekun Fasifik, suna wasa a ACC, wadda sunanta ma na gaɓar tekun Atilantika ne. Wace shiyya ce za ta haɗa gabas da yamma?

Wata Hajiya, malamar makaranta daga Damagaram, ita ta kawo "haɗaka". Da na duba yadda kuɗin ke tafiya sai na ga ta harbi daidai. Kusan duk wasan da ƙungiya ta buga a gasar ƙasa, NCAA tana ware kaso, wajen dala miliyan 2 da ake biya cikin shekara 6, kuma ba aljihun jami'ar yake faɗawa ba, asusun "conference" yake shiga a raba. Jami'o'i ne suka haɗa kai, jadawali ɗaya, asusu ɗaya, kofi ɗaya. Hajiya, Allah ya saka da alheri, mun ɗauka. Daga yau "conference tournament" kofin haɗaka ne.

"Automatic bid" ba ta ba mu wahala ba, don muna da irinta a gida. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, tana ƙaramin lig a lokacin, ta doke Abia Warriors 2-0 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, ta samu tikitin kofin Confederation na Afirka ba tare da kowa ya tambaye ta matsayinta a tebur ba. Wani ƙanena a nan ya ce to a kira shi "gurbin zakara". Ya yi daɗin faɗa, sai dai Fairleigh Dickinson ta ɓata shi. A 2023 Merrimack ce ta doke ta 67-66 a wasan ƙarshe na kofin haɗakarsu, amma Merrimack sabuwar hawa ce daga aji na biyu, doka ba ta ba ta damar shiga gasar ƙasa ba tukuna. Gurbin ya faɗo hannun wadda aka doke. Ita ce kuma ta je ta fitar da Purdue mai lamba 1 da ci 63-58 (a kowane ɓangare na gasar ƙasa ana jera ƙungiyoyi daga lamba 1, mafi ƙarfi, zuwa 16). Ba zakara ba ce, amma ba kwamiti ne ya sa ta ba. Saboda haka "gurbin kai-tsaye" ya fi, kuma dama 'yan jarida sun saba da shi.

To, yanzu ga inda aka yi ta kai ruwa rana: "at-large".

Amsar da ta fi yawa ita ce "gurbin alfarma". Ni ma zuciyata can ta karkata, kuma ina da dalili.

Ranar Lahadi 17 ga Maris, 2024, makon farko na azumi, na dawo daga asham na ƙi kwanciya, don ƙarfe 11 na dare agogon Najeriya za a karanto sunaye. An ɗauke wuta, ina zaune a tsakar gida da waya a hannu, caji ya yi ja, sauro na ta shagali a ƙafata. Indiana State nake jira, makarantar da Larry Bird, shahararren ɗan wasan NBA, ya kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa a 1979. A wannan kakar sun ci wasa 28 sun faɗi 6, su suka zo na ɗaya a teburin haɗakar Missouri Valley, kuma a ma'aunin NET da NCAA kanta take amfani da shi wajen auna ƙarfin ƙungiyoyi suna cikin 30 na farko a ƙasar. Laifinsu ɗaya, Drake ta doke su 84-80 a wasan ƙarshe na kofin haɗaka. Aka karanto ɓangare na farko, babu su. Na biyu, babu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, sahur fa ba zai jira ka ba." Aka gama kaf, ba Indiana State. Amma an sa Virginia, 'yar babbar haɗaka, wadda take can ƙasa da su a NET. Bayan kwana biyu Colorado State ta lallasa Virginia 67-42. A daren nan da an ce in raɗa wa abin suna, ko "alfarma" ba zan ce ba, "son kai" zan ce.

Sai wani dattijo, tsohon malamin Hausa, ya taka mini burki. Ga abin da ya rubuta: "Ɗana, in ka ce alfarma ka yanke hukunci tun kafin a shiga kotu. Alfarma ana yi wa wanda bai kai ba ne. Ƙungiyar da ta fi kowa a ƙasar, in ta yi tuntuɓe a kofin haɗakarta, ta wannan ƙofar za ta shiga. Ita ma alfarma aka yi mata?"

Ranka ya daɗe, gaskiyarka. Mafi yawan masu shiga ta wannan ƙofar ba wanda ke jayayya a kansu. Rigimar duk a kan huɗu ko biyar na ƙarshe take. Ba za a ɓata wa mutum 37 suna saboda mutum 4 ba.

Shi kuma Malam, wato dattijon, sai ya ba da "gurbin cancanta". Nan na ce a'a, da girmamawa. Ciwon ɗaya ne, gefe kawai aka sauya. In na kwamiti ne na cancanta, wanda ya ci kofi da guminsa bai cancanta ba ke nan? Kuma ranar da aka bar irin Indiana State a waje, ko Monmouth ta 2016 da ta doke UCLA da Notre Dame da Georgetown amma Iona ta tare ta a wasan ƙarshe na kofin haɗaka, da wane baki zan rubuta cewa "ba su samu gurbin cancanta ba"? Na zama kakakin kwamiti ba albashi.

Aka kawo "gurbin gayyata". Ya kusa, amma ita ma gayyata tana da mai ita. Akwai gasa ta biyu, NIT, wadda sunanta ma gasar gayyata yake nufi, can waɗanda aka bari suke zuwa rage zafi. Can Indiana State ta je har wasan ƙarshe, Seton Hall ta doke ta 79-77. Kuma gayyata ana iya ƙin amsawa, a shekarar ma St. John's da Oklahoma da wasu sun ce a kai kasuwa. Mu bar wa NIT kalmarta.

Na ce to shi ke nan, "gurbin kwamiti", a faɗi wanda ya bayar a yi shiru. Har na fara murna sai wani ɗalibi da ke karatu a can ya tuna mini da aji na uku, inda ainihin ƙananan kwalejoji suke, sama da 400, waɗanda ba sa ba ɗan wasa tallafin karatu don wasa. Gasar mazansu ƙungiya 64 ce, sama da 40 na kai-tsaye ne, ragowar kuma tun kakar 2024-25 wani lissafi ne mai suna NPI yake jera su, ba muhawarar mutane a ɗaki ba. Ka ga "kwamiti" ta gaza a nan, alhali Turancin bai canza ba.

Kalmar da ta raba gardama daga bakin Hajiyar Damagaram ta sake fitowa: tantancewa. Kowa ya san ta. Ana tantance ministoci a majalisa, ana tantance maniyyata, ana tantance masu neman aiki. Mutum na iya tantancewa, na'ura ma na iya yi. Ba ta ce an yi adalci ba, ba ta ce an yi zalunci ba, ta dai ce an duba takardunka kafin a ce ka wuce. Ku gwada a baki: "Drake ta samu gurbin kai-tsaye, Indiana State kuma ta zauna jiran gurbin tantancewa." Ko kakata ta ji wannan ta san ɗaya ya wuce, ɗaya yana layi. Malam ya amsa da "Madalla", ni ma na sa hannu.

Da wannan ta zauna sai ƙananan suka biyo ta a guje. "On the bubble", wato waɗanda ba a san ko za su shiga ko ba za su shiga ba, wani ya fassara "a kan kumfa", muka yi dariya muka wuce. 'Yan ƙila-wa-ƙala ne, ba sai an ƙirƙiro komai ba. "One-bid league" kuma haɗaka mai gurbi ɗaya, inda wata huɗu na wahala ke rataye a kan dare ɗaya. Vermont ta ci wasa 15 cikin 16 a haɗakarta a 2018, UMBC ta zo har gidanta ta jefa ƙwallon maki uku ana daf da tashi, 65-62, shi ke nan Vermont ta yi waje. Bayan kwana shida UMBC ta zama mai lamba 16 ta farko a tarihin gasar maza da ta kayar da mai lamba 1, Virginia, 74-54.

Irin waɗannan ne Amurkawa ke kira "Cinderella". Wasu sun ce "ɗan hakin da ka raina". Karin maganar ta dace, amma ta yi tsawo a kanun labari, kuma daga idon babba take kallon abin. Ni 'yar bora na zaɓa. Tatsuniyarmu ce, kuma ta zo da kishiyarta a shirye: manyan haɗaka masu kuɗin talabijin 'ya'yan mowa, irin su Saint Peter's 'ya'yan bora. Ƙaramar jami'a ce a Jersey City, ta shiga da lamba 15 a 2022, ta kori Kentucky da Murray State da Purdue, sai da ta kai cikin takwas na ƙarshe North Carolina ta tsayar da ita.

Saura ɗaya da ta gagare mu, "bid thief". Ita ce ƙungiyar da ba ta da ko alamar samun gurbin tantancewa, sai ta ci kofin haɗaka ba zato. Babbar da ta kayar dole a ba ta gurbin tantancewa, sai guraben su ragu da ɗaya, wani ɗan ƙila-wa-ƙala a wata jiha can ya kwana a waje. NC State ta yi haka a 2024, wasa biyar cikin kwana biyar ta ɗauke kofin ACC, ta kuma wuce har cikin huɗun ƙarshe na ƙasa. Oregon ma ta ɗauke nata kofin a makon. Suna cikin waɗanda suka cinye wa Indiana State wuri.

"Ɓarawon gurbi" ita ce fassarar da ta fara zuwa, amma Malam ya ce sata a ɓoye ake yin ta, wannan kuwa a gaban dubban mutane aka yi, da alƙalin wasa a tsaye. Ƙanena ya ce "mai ƙwacen gurbi". Wani direba ya ce su a gidan mai "mai tsallake layi" suke cewa, kuma wanda ke can baya ne yake rasa mai, ba wanda aka tsallake ba. Wannan ta direban ta fi kama hoton abin, sai dai mai tsallake layi ya karya doka, NC State kuwa ba ta karya komai ba.

Hajiya, Malam, ku taimaka da wannan. Ɗan yayata kuma, na ga kana ta danna alamar dariya tun ɗazu, kai ma kawo taka mu gani.