Wai waye Carnegie ɗin nan da ake ta ambata a Unijos?

Ɗan_Angwan_Rogo:
Salam jama'a. Dan Allah masana tarihi ku taimaka min. Tun muna makaranta nake jin ana cewa Jos-Carnegie Partnership, kuɗin Carnegie ne suka kawo kwamfutoci da intanet a jami'ar Jos, ni duk a zatona sunan wani kamfani ne ko wata ma'aikatar gwamnatin Amurka, sai jiya wani yake ce min ai mutum ne, attajiri, ya rabar da dukiyarsa ya koma yawon duniya yana rubuta littafi. Da gaske ne? Kuma a ina ya samo kuɗin?

Malam_Ticha_Rikkos:
Wa alaikumus salam ƙanina. Mutum ne, Andrew Carnegie, amma wanda ya ba ka labarin ya ɗan juya shi, yawon da rubutun sun riga rabon dukiyar. An haife shi a 1835 a garin Dunfermline na Scotland, babansa masaƙi ne da injin ya kashe wa sana'a, shi ne suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848. Yana ɗan shekara 13 ya fara aiki a masaƙa a kan dala 1.20 a sati, daga nan ya koma masinja mai kai saƙon waya, sai kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, a nan ya koyi zuba jari. Ƙarfe ne ya yi masa rana. A 1901 ya sayar wa wani attajirin banki, J.P. Morgan, kamfaninsa a kan dala miliyan 480, ka tuna fa kuɗin wancan zamanin ne.

Maganar yawo kuwa, a 1878 ya kama hanya ya zaga duniya, Japan, Sin, Indiya, Masar, ya dawo ya mai da abin da ya riƙa rubutawa littafi. A 1881 kuma ya ɗauki mahaifiyarsa da abokansa a keken doki tun daga Brighton har Inverness, suka biya ta garinsu inda tsohuwar ta aza harsashin laburaren da ya ba su kyauta, matar da ta bar garin da kuɗin jirgi na aro. Wannan ma ya yi littafi a kai.

Kafin ya mutu a 1919 ya bayar da wajen dala miliyan 350, laburare sama da 2,500. Gidauniyar da ya kafa a 1911 ita ce ta taimaki Unijos da ABU Zariya da jami'ar Ife.

Maman_Ilham:
Ikon Allah, laburare 2,500! Mu nan yaro na son wajen karatu mai shiru da wuta sai ya sha wuya. Amma Malam me ya sa laburare, ba abinci ko asibiti ba?

Malam_Ticha_Rikkos:
Hajiya ai abin da ya ci ne ya san daɗinsa. Lokacin yana masinja akwai wani Kanar James Anderson da yake buɗe wa yara ma'aikata ɗakin littattafansa duk ranar Asabar su ara, a nan ya yi karatunsa tunda bai yi nisa a makaranta ba. Abin da ya fi burge ni ma sharaɗinsa ne, ba ya gina wa gari sai garin ya ba da fili kuma ya yarda duk shekara zai kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin wajen kula da shi. Mu kuwa a yanke kyalle a ɗau hoto, bayan damina biyu rufi na yoyo ba mai tambaya.

Kwamared_Dilimi:
Malam da girmanka amma ka tsallake wani waje, kuma wajen ne ya fi damuna. 1892, masana'antarsa ta Homestead. Manajansa Henry Clay Frick ya zaftare albashi, leburori suka ƙi, ya rufe ƙofa ya kewaye wajen da shinge ya ɗauko 'yan bindigar haya na Pinkerton wajen 300 ta kogi, aka yi ɓarin wuta aka kashe mutane ta kowane ɓangare, ƙarshe gwamnan jiha ya turo sojoji aka murƙushe ƙungiyar ƙwadagon. Shi ogan yana ina? Yana Scotland yana hutu. Mutanen nan awa 12 suke yi a gaban wuta, to wanda ya tashi aiki a haka wane littafi zai iya buɗewa, ai ko sallar isha da ƙyar. Mu 'yan Jos bai kamata a yi mana bayanin wannan ba, kakana ya yi aikin kuza, kamfanonin Turawa sun kwashe sun bar mana ramuka cike da ruwa, ku bi hanyar Bukuru ku gani. Da ya ƙara wa leburan albashi tun farko da wataƙila su sayi littafin da kansu.

Ɗan_Angwan_Rogo:
Kai Kwamared ka ɓata min mutumin wlh 😂 har na fara sonsa.

Malam_Ticha_Rikkos:
Ban musa ba Kwamared, duk abin da ka faɗa ya faru, shi kansa abin ya bi shi har tsufansa. Ra'ayinsa dama shi ne mai kuɗi ya fi talaka sanin inda ya dace a kashe kuɗin, shi ya sa ba ya son sadakar hannu da hannu, a nan kam ban bi shi ba, mu a addini haƙƙin lebura daban zakka daban, ɗaya ba ta biyan ɗaya. Sai dai a 1889 ya rubuta cewa wanda ya mutu da tarin dukiya ya mutu da abin kunya, kuma ya aikata, kusan kashi 90 cikin 100 ya bayar. Attajirai nawa ka sani da suka ci haƙƙin leburan kuma ba su bayar da ko sisi ba?

Kwamared_Dilimi:
Da yawa Malam, in na fara lissafi admin zai kore ni.

Maman_Ilham:
Ni dai tambayata, gidauniyar tana ba ɗaiɗaikun ɗalibai ne ko sai ta hannun jami'a? Yarinyata na aji uku a Unijos, ɓangaren Naraguta.