Wutar dashbod ta ƙi mutuwa, ga takardun mota sun kusa ƙarewa

Mai Corolla, Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen watan nan takarduna za su ƙare, sai 'yan VIO sun duba motar kafin a sabunta ta lafiyar mota. To ga wutar nan mai hoton inji ta ƙi mutuwa, ta ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) kuma tana zuwa tana tafiya. Wani yaro a gareji ya ce in kawo ya cire ƙwan kowa ya huta, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Direban haya, Kwangila: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kar ka yarda. Idan ka murɗa makulli ba ka tayar ba, ai duk wutocin kamawa suke yi, sai inji ya tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, mai ido ya san an taɓa ta. Haka aka yi min da na sayi Sharon ɗina. Sai ranar da mai wayarin ya buɗe dashbod muka tarar an liƙe wutar iyabag (jakar iskar da ke kare mutum a haɗari) da baƙin salatif, har ya yi danƙo saboda zafi. Ni da nake ɗaukar rayukan mutane zuwa Kano kullum! Abin ya tsaya min a rai.

Malama, Tudun Wada: Ni launi nake fara kallo. Mai ruwan ɗorawa za ta bar ka ka isa gareji, ja kuwa tsayawa ake yi nan take. Muna hanyar Kaduna, daf da Jaji, jar butar nan ta baƙin mai ta kama. Maigida ya sauka gefe ya kashe mota, ya zaro sandar awo, mai cike yake. Muka kira bakanike ya ce kar a sake a tayar, domin wutar ba yawan mai take nunawa ba, ƙarfin hawansa cikin inji ne. Ashe datti ne ya toshe rariyar famfon mai. Janyo ta aka yi zuwa Zariya, Allah ya taimaka inji bai buga ba.

Mai wayarin, Sabon Gari: Hajiya, maigida ya yi dabara, a gaishe shi. Kai kuma Yallaɓai, taka ba ta buƙatar canki-canka. Ƙarƙashin sitiyari akwai soket na OBD2, wanda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996. A jona kwamfuta ta faɗi lambar ciwon. P0420 na nuna indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ya gaji ko an sace shi, abin da nake yawan gani a motocin Kwatano. P0300 kuwa inji ne ke tsallake wuta, a duba filogi da kwayil. In wutar tana ƙiftawa, kar ka matsa totur, ɗanyen fetur ne ke gangarawa yana ƙona indomin.

Masu cire kan batir don ta mutu, ɓata lokaci ne. In ciwon na nan, za ta dawo. Ta ABS sau da yawa sansar ƙafa ce, laka ta rufe ta ko wayarta ta tsinke wajen canza boris. Birki zai ci gaba da kamawa, amma taya na iya kullewa in ka taka da ƙarfi kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Direban haya, Kwangila: Ka duba jar wutar birki ma. In ka sauke hambirki tana nan, wataƙila man birki ne ya yi ƙasa.

Mai Corolla, Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun jona kwamfuta yau: kwayil ɗaya ne ya mutu, an canza. Sansar ƙafar baya ta hagu kuma sai gobe za a samo, daga nan in wuce wajen VIO.