Neman shawara: finafinan Nick da Nora, da wanne zan fara wa maigida, kuma yara za su iya kallo?

Maman Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu kallon tsofaffin finafinan Amurka, marasa kalar nan. Ƙanena ne ya zuba min guda shida a filas, duk na wani miji da matarsa, Nick da Nora Charles, masu binciken kisan kai cikin raha. Na kalli na farko, The Thin Man na 1934, wallahi ya shiga raina sosai. Binciken ma bai dame ni ba kamar zaman mutanen nan biyu, yadda suke wasa da dariya, ko a gaban 'yan sanda ba su fasa tsokanar juna. Ina so mu kalla tare da maigida. Shi mutum ne da ba ya zama gaban talabijin sai don ƙwallo ko labarai, amma yana son labarin 'yan sanda da gano mai laifi. Abin da ya tsaya min a rai biyu ne. Giya ta yi yawa a fim ɗin, kusan duk inda aka hasko Nick da kofi a hannunsa. Sannan karensu har kan gado yake hawa. Ina tsoron maigida ya ga haka tun farko ya tashi ya bar min falon. Da wanne zan fara masa? Kuma yarana, babbar tana aji ɗaya a sakandare, ƙaramin yana firamare, zan iya barin su su zauna? Na gode.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam, Maman Amira. Duka shidan na kalla, bari in jero miki su yadda suka fito don ki san abin da ke hannunki. The Thin Man 1934, After the Thin Man 1936, Another Thin Man 1939, Shadow of the Thin Man 1941, sai The Thin Man Goes Home da ya fito a ƙarshe-ƙarshen yaƙin duniya na biyu, sannan Song of the Thin Man 1947. Kamfanin MGM ne ya yi su, kuma William Powell da Myrna Loy ne Nick da Nora tun daga farko har ƙarshe.

Maganar giya gaskiyarki ce, kuma tana da dalili. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 har zuwa Disamban 1933. Fim ɗin farko ya fito a watan Mayun 1934, wato 'yan watanni bayan an ɗage dokar, shi ya sa ake shanta a ciki kamar ana biki. Ba ina wanke su ba ne, ina dai faɗa miki inda abin ya samo asali. Yadda finafinan suke tafiya haka shan yake raguwa. A na huɗu har akwai inda ɗansu ƙarami ya kafe a teburin cin abinci sai babansa ya sha madara, Nick ya ɗaga kofin yana yamutsa fuska ya shanye.

Ni shawarata ki fara wa maigida da na biyar, The Thin Man Goes Home. A nan Nick ya ajiye giya ya koma ruwan tuffa, saboda za shi garinsu wajen iyayensa. Mahaifinsa likita ne, ya so ɗansa ya gaje shi, don haka bai taɓa ɗaukar aikin bincike a bakin komai ba. Nora kuma ta ƙudurta sai ta ga ranar da surukinta zai yaba wa mijinta. Ana cikin haka aka harbe wani saurayi a ƙofar gidansu. Duk namijin da ya taɓa neman mahaifinsa ya ce masa "Allah ya yi maka albarka" zai zauna wa wannan labarin har ƙarshe. Idan ya saba da mutanen, sai ku koma na 1934.

Ummu Hanifa:
Yaya Abban Sadiq, a nan kam ban bi ka ba. Na biyar yana da tsabta, amma ba shi da zaƙin na farko ko kusa. Wanda ya ba da umarnin huɗun farko, W. S. Van Dyke, ya rasu a 1943, wani ne ya yi na biyar, kuma ana ji a jikin fim ɗin. Akwai ma inda Nick ya kifa Nora a cinyarsa ya mammake ta da jarida a gaban iyayensa, wai abin dariya. Ni bai ba ni dariya ba, kuma ba shi zan so miji ya fara gani ba.

Maman Amira, abin da ya kama ki a na farko shi ne ainihin kayan. Ki tuna wurin da Dorothy, 'yar mutumin da ya ɓata ake nemansa a labarin, ta zo tana kuka ta faɗa ƙirjin Nick, sai ga Nora ta turo ƙofa ta same su haka. Ba ta yi ihu ba, ba ta juya da gudu ba. Nick ya yi mata wata fuska ta saman kan yarinyar, ita ma ta ɗan murtuke hanci ta mayar masa, shike nan magana ta ƙare, ta shigo aka ci gaba da lallashin yarinyar. Sakan kaɗan ne, amma a nan za ki gane yarda ce ta riƙe auren nan. Ko safiyar Kirsimeti, yana kwance a doguwar kujera da 'yar bindigar iska da ta saya masa, yana harbin balan-balan ɗin da ke jikin bishiyar ado, har da saita ta da ƙafa, ita kuma tana zaune cikin ƙatuwar rigar gashi tana binsa da ido. Babu abin da wannan ya ƙara wa binciken kisan, an saka ne kawai don a nuna mutum biyu da ba sa gajiya da juna.

Ba mamaki hakan ya fito da kyau, domin waɗanda suka rubuta ukun farko, Albert Hackett da Frances Goodrich, su ma miji da mata ne. Asalin labarin daga littafin Dashiell Hammett ne, amma yawancin rahar nan ta cikin ɗaki aikin ma'auratan ne. Kuma cikin kusan mako biyu aka ɗauki fim ɗin farko, ba a tsaya maimaita fitowa sau da yawa ba, shi ya sa hirar take fita kamar ba haddace ta aka yi ba. Ya shiga takarar Oscar a ɓangare huɗu, har da na gwarzon fim. Powell da Loy sun fito tare a finafinai 14, har mutane da yawa suka ɗauka auren gaske ne a tsakaninsu.

Ki fara masa da na farko. Ki faɗa masa tun kafin ki kunna cewa akwai giya da yawa, kada ya gani ba shiri. Babban mutum ne, ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Malam Abban Yusra:
Ni kan yara zan yi magana, don aikina koyarwa ne. Kada ki zaunar da su a na farko da na biyu. Yaro yana ganin mai shan giya a titi yana tangaɗi, ya san abin ƙi ne. Matsalar Nick ita ce yana sha daga safe har dare, amma shi ne mai kwat mai tsabta, shi ne mai kaifin basira, shi ne kowa yake so. Wannan ya fi haɗari a idon yaro. Har Nora akwai inda ta tambaye shi kofi nawa ya sha, ta sa aka jero mata irinsu don ta kamo shi. An dai nuna ta daga baya kwance da ƙanƙara a ka, amma a matsayin abin dariya aka kawo shi. Ga kuma wurin da karen ya gano gawa a ƙarƙashin daɓen wani ɗakin aiki cikin duhu, ƙaramin naki zai iya kwana da shi a rai. Ku kalla ku biyu bayan sun yi barci.

Hajiya Maman Baffa:
'Yata, ki ji maganar Malam. Batun kare kuma kada ya tayar miki da hankali, al'adarsu ce, mijinki ya san Turawa da karnukansu tun kafin ya aure ki. Asta sunan karen, kuma shi ma ɗan wasa ne, idan rigima ta tashi shi ne farkon ɓuya. Abin da zan ƙara miki, kada ki zaunar da maigida da nufin "ka ga yadda ake riƙe mata". Namiji yana jin ƙanshin wa'azi zai miƙe. Ki bar shi ya zo don gano wanda ya yi kisan, sauran zai gani da idonsa. Ki haɗa shayi, ki ajiye waya.

Maman Amira:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gaskiya kin karanto abin da ke raina. Amma Anti Ummu Hanifa, akwai wurin da ya ɗan tsaya min a na farkon, inda ɗan bindiga ya shigo ɗakin barcinsu, Nick ya kai wa Nora naushi ta faɗi. Yaya kike ganinsa?

Ummu Hanifa:
Bindiga aka saita, ya ture ta daga bakin harsashi da hanyar da ta fi sauri, shi kuma harsashin ya shafe shi a gefen ƙirji. Da ta farfaɗo, fushinta duk a kan ya hana ta ganin yadda ya kama mutumin ne. Wannan ban riƙe shi ba. Abin da na riƙe wa finafinan shi ne yadda yake yawan zille mata idan za shi wurin bincike. A na farko ya saka ta a tasi, ya rufe ƙofa, ya ce wa direba ya kai ta kallon kabarin Janar Grant, tsohon shugaban Amurka. A na biyu kulle ta ya yi. Alhali ita ce take zuga shi ya karɓi aikin tun farko, don shi ya riga ya yi ritaya yana kula da dukiyar da ta gada wajen mahaifinta. Zamaninsu ne haka. Ki sani dai ba su zama cikakkun abokan aiki ba, shi ne mai bincike, ita ce mai tura shi da ba shi amsa daidai da bakinsa.

Abban Sadiq:
Na karɓi gyara a kan zancen jaridar, Ummu Hanifa, wurin yana nan kuwa. To ga tsaka-tsaki. Idan maigida mai son a ɗaure masa kai ne, na biyu ya fi kowanne ƙullin labari. Sun koma San Francisco daren sabuwar shekara, dangin Nora masu kuɗi suna yi wa Nick kallon raini, musamman gwaggonta Katherine, amma da mijin 'yarsu Selma ya ɓata shi suka nema. James Stewart yana ciki tun yana saurayi, kafin ya yi suna. Ba zan ƙara komai a kansa ba. Sai dai daga inda na farko ya tsaya ya ɗora, don haka a jere suka fi daɗi. A na uku ne aka ga jaririnsu. Na shida shi ne mafi rauni a wurina, labarin makaɗan jaz ne a jirgin ruwa na caca, ki bar shi ƙarshe.

Maman Fadil:
Ki kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. Turancinsu da sauri yake, ga tsofaffin kalmomin 'yan daba na lokacin. Mijina sai da muka saka rubutun ya fara dariya.

Malam Abban Yusra:
Ƙari ɗaya. Ta fuskar tsiraici ba su da matsala sosai, saboda daga tsakiyar 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai a Hollywood, har ma'aurata kowa da gadonsa ake nunawa. Akwai dai rigunan mata masu buɗaɗɗen baya da 'yan rawa a gidajen shaƙatawa. Idan babbar taki ta matsa, na biyar za ki iya zama da ita, ki riƙe rimot a hannu, ki kuma yi mata bayani a wurin jaridar nan da aka ambata.

Ɗan Autan Group:
Anti, dabarar da za ta riƙe Yaya ga ta. Kowane fim a ƙarshe Nick yana tara duk waɗanda ake zargi a ɗaki ɗaya. A na farko liyafar cin abinci ya haɗa, ya zaunar da su a dogon teburi, 'yan sanda suka yi shigar masu raba abinci. Da kin ga an fara zama ki tsayar da fim ɗin, ki ce ya faɗi wanda yake zargi da dalilinsa. Tunda ke kin riga kin gani, ki daure kada fuskarki ta tona. Fim ɗin awa ɗaya da rabi ne kacal, bai kai wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci ba, don haka ki zaɓi daren da ƙungiyarsa ba ta buga wasa.

Maman Amira:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsayar da shawara, da na 1934 za mu fara, mu biyu, kuma zan faɗa masa zancen giyar tun da rana. In ya zauna har ƙarshe sai mu bi da na biyu, wanda ni ma ban gani ba, mu yi canken tare. Yara kuma sai na kalli na biyar ni kaɗai tukuna kafin in yanke. Abban Sadiq, don Allah kada kowa ya sake cewa komai a kan James Stewart a nan sai na dawo.