Asibitin mazaɓarmu na yoyo, kansila ya ce ba kuɗi: ta wace ƙofa za mu shiga?

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan mazaɓarmu, kuma damuwarmu ita ce asibitin sha-ka-tafi na garinmu, wanda rufinsa ya lalace har ta kai ana jera bokitai a ɗakin haihuwa idan damina ta kankama. Kansila ya ce mana kuɗi ba sa isowa hannunsu, alhali tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wasunmu na son zanga-zanga, wasu kuma na cewa mu tsayar da namu ɗan takara. Me kuke gani?

Amsar wani tsohon ma'ajin ƙaramar hukuma:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ku yi saurin ƙaryata kansilan, domin yanke hukunci daban, aiwatar da shi daban. Asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana nan a sashe na 162 na kundin tsarin mulki, kuma a watan Oktoban 2024 jihar Anambra ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta zuba wani kaso na kuɗinsu a asusun da jiha ke da hannu a ciki. Ko kuɗin sun iso, albashin malaman firamare da na ma'aikata ne ke cinye mafi yawansu. Shawarata ku bar magana da baki, ku koma takarda. Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba da kwana 7 a amsa, ku nemi kwafin kasafin bana da abin da aka ware wa lafiya. Ku kai kwafi biyu, kuma kada ku bar ofishin sai an buga wa naku hatimi da kwanan wata.

Amsar wata ungozoma mai ritaya:

Ɗana, abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne, amma akwai ƙofa mafi kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake tura kuɗinsa kai tsaye zuwa asusun zaɓaɓɓun asibitoci, da burin a samu aƙalla ɗaya a kowace mazaɓa. Ku tambayi shugaban asibitin ko naku na ciki, sannan ku nemi kujera a kwamitin raya mazaɓa, domin kwamitin yana da ta cewa kan yadda ake kashe kuɗin. Kuma don Allah ku tafi da mata, su ne suka san yadda ake naƙuda ruwa na ɗiga a kan gado.

Amsar wani dattijo ɗan tsohuwar jam'iyyar PRP:

Jikana, ni ina tare da masu cewa a shiga takara, sai dai ba ta kansila ba. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma a mafi yawan jihohi jam'iyyar gwamna ce ke kwashe kujerun gaba ɗaya. Ku sa ido kan majalisar dokokin jiha, wadda INEC ke shirya zaɓenta, ga shi tun 2018 ɗan shekara 25 zai iya tsayawa. A can ake rubuta dokar ƙananan hukumomi, a can ake amincewa da kasafi. Mun gani da idonmu: gwamnoninmu na PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, amma da yake majalisar Kaduna tana hannun jam'iyyar NPN, ta hana Balarabe naɗa kwamishinoni, ta kuma tsige shi a 1981. Kafin zaɓe ya zo, ku kai wa ɗan majalisarku ƙorafi a rubuce da sa hannun mai unguwa da limami, ku nemi ya gabatar da shi a zauren majalisa, sannan ku riƙa halartar zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi da hotunan rufin nan a hannunku.