Muhawara: Hana Yara Waya Ya Wadatar Wajen Kare Su?

Shugaban makaranta: Ni dai ina kan bakana. Duk yaron da bai kai shekara 16 ba a hana shi waya, gida da makaranta. Faransa ta haramta waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Ostireliya kuma ta yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 shafukan sada zumunta. Ba rami, me ya kawo maganar rami?

Malamar kwamfuta: Ranka ya daɗe, dokokin nan ba abin da kake nema suka faɗa ba. Ta Faransa a cikin makaranta ta tsaya. Ta Ostireliya kuwa kamfanoni ta ɗora wa nauyi, ba ta raba yaro da waya ba. Facebook da TikTok da Instagram duk sun sa iyakar shekara 13, amma yaro ya canza shekarar haihuwa ya wuce. Wanda aka hana kuma aron wayar aboki yake yi, wadda babu wani makulli a kanta.

Jami'ar kare yara: Bari in ƙara kan maganar Malama, don nan gizo ke saƙar. Mai yaudarar yara ba da barazana yake farawa ba. A wasan intanet mai ɗakin hira yake samun yaro, ya yabe shi, ya saya masa kayan wasa, sannan ya ja shi zuwa hirar sirri, ya ce kada kowa ya sani. Daga nan sai neman hoto, bayan hoto sai barazanar yaɗawa. Yaron da ya san da aro ya shiga, ko ya san ƙwace waya ne hukuncinsa, shiru zai yi. Shirun nan shi ne jarin mugun.

Shugaban makaranta: To, Hajiya, sai mu zuba musu ido ke nan?

Jami'ar kare yara: Ko kusa. Hana waya a aji ina goyon bayansa. Amma makaranta ta naɗa mutum ɗaya da mataimakinsa, kowane ɗalibi ya san wurin su ake kai ƙorafi. In yaro ya buɗe baki, a saurara, a rubuta kalamansa yadda ya faɗe su da rana da lokaci. Kada a sa masa magana a baki da tambaya irin "wane ne ya taɓa ka, ko?", domin hakan na ɓata shaida. Kada a yi masa alkawarin rufa asiri, kuma kada malami ya tunkari wanda ake zargi da kansa. A kai wa hukuma a ranar. Kuma a rubuta a dokar ma'aikata cewa malami ba ya hirar sirri da ɗalibi ta waya.

Malamar kwamfuta: A gida kuwa, a yi amfani da Family Link a Android ko Screen Time a iPhone, wato tsarin da iyaye ke sa wa wayar yaro iyaka. A buɗe wa yaro asusu da ainihin shekarunsa, in an yi ƙarya kariyar yara ba za ta hau ba. A sa sai da amincewar iyaye zai sauke manhaja, a rufe saƙon baƙi a cikin wasanni, waya ta kwana a wajen ɗakinsa. In barazana ta zo, kada a biya ko kwabo, biya ƙara wa mai barazanar ƙaimi yake. A ɗauki hoton hirar da sunan asusun kafin a toshe shi, amma kada a tura hoton tsiraicin yaron ga kowa, wannan ma laifi ne. Akwai shafin intanet mai suna Take It Down, da ke taimakawa a cire irin hoton daga shafukan da suka shiga tsarin, ba tare da hoton ya bar wayar ba.

Shugaban makaranta: Na karɓi batun naɗa jami'i. Amma Malama, duk wannan saiti iyaye nawa ne suka iya shi? Sai dai makaranta ta kira su farkon kowane zango, kowa ya zo da wayar ɗansa a saita a gabansa. Ɗan firamare kuwa, har gobe ban ga dalilin ba shi wayar kansa ba.